Kwanciya bayan aikin ninkin fatar ido: tambayar Maman Nafisa da amsoshin ƴan zaure

Maman Nafisa, Unguwar Zariya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure, ina kuma neman shawarar masu ilimin lafiya a kan wata magana da ta shafi gidanmu. Ƙanena da ke kasuwanci a birnin Gwanzu na ƙasar Sin ya auri wata baiwar Allah Musulma ƴar ƙabilar Hui, kuma shekaranjiya aka yi mata aiki a fatar idonta ta sama, irin aikin da ake yi a Sin da Koriya da Japan domin a samar da ninki a fatar da ba ta da shi tun haihuwa. Ba kwalliya kaɗai ta kai ta ba, fatar ce take danno gashin idon zuwa ƙasa yana sosa mata ƙwayar ido tun tana yarinya. Yau da asuba ya kira ni hankalinsa a tashe, ya ce idon dama ya kumbura ya fi na hagu nesa ba kusa ba, har suna tsoron ko aikin ya lalace. Da na bincike shi sai ya ce a ɓarin dama take kwana kamar yadda ta saba. Nan da mako guda, idan an cire zaren ɗinkin, za su taso zuwa Maraɗi domin bikin autarmu, kuma a ɗakina za ta sauka. Ina so in san ko kwanciyar ce ta jawo wannan, da kuma yadda zan shirya mata shimfiɗa.

Majo (babban ma'aikacin jinya) mai ritaya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Maman Nafisa. Kafin a shiga maganar matashin kai, ki sake kiran ƙanenki yanzu ki yi masa tambayoyi uku. Shin tana gani da idon nan kamar yadda take gani da ɗayan idan ta rufe su ɗaya bayan ɗaya? Shin akwai ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa daga bayan idon? Shin ƙwayar idon ta turo waje, ko ta yi tauri kamar dutse? Idan ko ɗaya daga cikin waɗannan ta samu, to kada su jira wayewar gari, su koma wurin wanda ya yi aikin nan take, domin jini yakan taru a bayan ido ya matse jijiyar gani, kuma awoyi kaɗan ke raba ceton ido da rasa shi. Abin ba ya yawan faruwa, galibi ma a yini na farko yake zuwa, amma ba a wasa da shi.

Maman Nafisa:
Majo, Allah ya saka da alheri. Na kira shi na tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tana gani sarai, babu ciwo sai ɗan nauyi da take ji a fatar, ƙwayar idon kuma tana nan a mazauninta. Fatar ce kawai ta tashi, ta yi shuɗi-shuɗi ta wajen kusurwar dama.

Likitar Ido, Ali Ɗan Sofo:
Alhamdu lillahi, tunda amsoshin tambayoyin Baba Majo sun zo haka, hankali ya kwanta. Yaya Maman Nafisa, abin da ƙanenki ya gani shi ne abin da aka saba gani, kuma lokacinsa ne ma, domin kumburin wannan aiki yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 48 zuwa 72, wato daidai ranar da kuke ciki. Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, kaurinta bai kai milimita 1 ba, kuma naman da ke ƙarƙashinta sakwaf yake, shi ya sa ruwa kaɗan ke isa ya cika ta. Ko lafiyayyen mutum idan ya yi kuka da dare ya kwanta, da safe idonsa yakan tashi, balle wadda aka tsaga wa fata aka ɗinke.

Ruwan jiki kuwa gangare yake bi kamar kowane ruwa. Idan mutum yana zaune ko yana tsaye, jini da ruwan da ke fuska suna sauka ta jijiyoyin wuya su koma zuciya cikin sauƙi. Idan ya miƙe a shimfiɗa, kai da zuciya suka zama a layi ɗaya, saukar takan yi sanyi, ruwan ya zauna inda ya samu wuri. Idan kuma ya juya gefe guda, idon da ke ƙasa shi ke karɓar rabon ɗan'uwansa, ga kuma matashin kai yana danna shi dare guda cur. Saboda haka ne ake cewa ta kwanta rigingine, kanta da kafaɗunta a ɗage kamar digiri 30 zuwa 45, tsawon mako ɗaya aƙalla, da yawa daga cikin likitoci ma sukan ce mako biyu. Kwanciya rub da ciki ita ce mafi muni, a bar ta gaba ɗaya har sai wurin ya warke. Idan ta gyara kwanciyar daga daren yau, ina sa ran cikin kwana biyu zuwa uku bambancin idanun zai ragu sosai.

Alhaji mai zuwa Sin, Babbar Kasuwa:
Likita, ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Na taɓa raka ɗiyar wani abokin cinikina asibiti a can, aka yi mata irin wannan aiki, kuma da ta fito ta ce idonta biyu aka yi komai, har ana cikin aikin aka ɗaga gadon aka zaunar da ita aka ce ta buɗe ido ta rufe. Na ɗauka ƙarin gishiri ne irin na yara, domin ban taɓa jin an zaunar da mutum ana tsakiyar yi masa fiɗa ba.

Likitar Ido:
Alhaji, gaskiya ta faɗa maka. Mafi yawan wannan aiki da allurar kashe wuri ake yin sa, wani lokaci a haɗa da ɗan maganin kwantar da hankali, ba a cika sa mutum barci mai nauyi ba. Ana kwantar da shi rigingine, kai a ɗan ɗage, aikin kuma yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya da wani abu. Dalilin zaunar da shi kuwa, fuskar mutum a kwance daban take da fuskarsa a zaune. A kwance gira takan ja baya zuwa goshi, fatar ido ta miƙe, kitsen da ke ƙarƙashinta ya koma ciki. Da zarar ya tashi sai duk su sauko. Tunda jama'a a tsaye za su riƙa ganinsa, likita mai kula yakan zana layin ninkin tun mutum yana zaune kafin a yi allura, galibi milimita 6 zuwa 8 daga bakin gashin ido, sa'an nan a tsakiyar aiki ya sa a buɗe ido, wani ma ya ɗaga gadon, domin ya tabbata idanun biyu sun daidaita. Bambancin milimita ɗaya a nan kowa zai gan shi. Abin da ake roƙon mai jinya a kan gadon shi ne kada ya juya kai, kada ya matse ido da ƙarfi, idan tari ko atishawa ta zo masa ya faɗa kafin ta fito.

Hajiya ta Tibiri:
Ɗiyata Likita, na ji bayaninki, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mu tun muna yara aka hore mu da kwanciya a ɓarin dama, aka ce ita ce sunna, kuma wannan yarinya da ta riƙe ta tana can wata uwa duniya, abin a yaba mata ne. Yanzu a ce ta bari har mako biyu, ni dai ina jin nauyin abin. Ba za a iya ɗaga mata kai sosai ba, ta ci gaba da kwanciya a damanta?

Malam na Mokoyo:
Hajiya, Allah ya ƙara miki son sunna. Gaskiya ne hadisin Bara'u ɗan Azib ya zo da cewa mutum ya yi alwala idan zai kwanta, sa'an nan ya kwanta a ɓarinsa na dama. Amma wannan abin so ne, malamai ba su ce wajibi ba ne, kuma ya tabbata a Bukhari cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kwance rigingine a masallaci ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Saboda haka rigingine halal ce ko ba lalura, balle da lalura. Wadda aka ƙi ita ce rub da ciki, ita ce kuma likita ta hana, kin ga nan babu saɓani.

Abin da na fi so a kula da shi ma salla ce, tunda sujada tana kai goshi ƙasa da zuciya sau da yawa a yini. Annabi ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a gefe. Idan likitanta ya ce kada ta sunkuya, sai ta yi ruku'u da sujada da nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa kaɗan. Mutanen Hui galibi mazhabar Abu Hanifa suke bi, mu nan ta Malik, amma a kan rangwamen mara lafiya duka sun haɗu. Haka alwala, inda ruwa zai cutar da ɗinki ba a tilasta masa ruwa, akwai shafa a kan abin da aka rufe wurin da shi, akwai kuma taimama idan abin ya kai ga haka.

Likitar Ido:
Allah ya gafarta Malam, ka sauƙaƙa mini. A makon farko muna hana sunkuyawa da ɗaukar kaya mai nauyi da yunƙuri mai ƙarfi, domin duk suna ƙara matsin jini a fuska, ƙaramar jijiyar da ta rufe tana iya sake buɗewa. Bayan an cire zare ta tambayi wanda ya yi mata aikin ranar da za ta koma cikakkiyar sujada, shi ya san abin da ya tarar a ciki.

Inna Hajiya, game da tambayarki, kwanciyar dama da kai a ɗage ta fi kwanciyar dama a miƙe, wannan haka yake. Sai dai ba ta warware matsalar ba, domin har yanzu ido ɗaya yana ƙasa da ɗaya, kuma mai barci bai san lokacin da fuskarsa za ta nutse cikin matashi ba. Kwanakin ƙidayayyu ne, idan suka wuce sai ta koma ga abin da ta saba.

Majo mai ritaya:
Ina da ɗan gyara a kan yadda mutane ke fahimtar ɗaga kai, domin na sha ganin kuskuren nan a shekarun da muka yi muna aikin amodari a ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, inda muke gyara fatar idon da ta juya ciki gashinta yana kankare ƙwayar ido. Aikin ba ɗaya ba ne da na wannan yarinya, amma wurin ɗaya ne, kumburin ma iri ɗaya ne. Idan ka ce wa mutum ya ɗaga kai, sai ya tara matasai uku a ƙarƙashin ƙeya kaɗai, bayansa na shimfiɗe, wuyansa ya lanƙwashe, haɓa ta taɓa ƙirji. Wannan kwanciya tana matse jijiyoyin wuyan da muke so su buɗe, ga ciwon wuya da safe, kuma kafin tsakar dare ya zame ya sauka daga kan matasan. Abin da ake so shi ne a ɗaga daga tsakiyar baya zuwa sama, jiki ya zama kamar gangaren tudu.

Maman Nafisa, ga yadda za ki yi da abin da ke gidanki. Ki naɗe bargo biyu ko tsohuwar katifar yara ki cusa ƙarƙashin katifar ta wajen kai, yadda katifar da kanta za ta tashi, sai ki ɗora matashi ɗaya ko biyu a sama. Idan gadon ƙarfe ne ko na katako mai ƙwari, ana iya ɗora ƙafafunsa biyu na wajen kai a kan tubalin siminti, amma a tabbata ya zauna daram. Ki sa matashi ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, shi zai hana ta zamewa ya kuma sauƙaƙa wa ƙugunta. Sa'an nan ki naɗe zannuwa ki tokare ta dama da hagu, daga kafaɗa zuwa ƙugu, domin idan jiki ya so juyawa ya ji tokari ya fasa.

Maman Nafisa:
Baba Majo, na rubuta duka, na kuma tura wa ƙanena. Amma ga wata tambaya da ita kanta ta sa ya yi mini. Ta ce duk ƙoƙarinta ba ta da iko da jikinta idan barci ya ɗauke ta, kuma tsoronta shi ne idan ta farka ta gan ta a gefe, ko ninkin ya karkace ke nan har abada. Ya ce jiya ko rintsawa ba ta yi ba saboda wannan tunani.

Alhaji mai zuwa Sin:
Ni a ganina gara ta kwana a zaune a kan kujera har mako biyun ya cika, tunda kuɗi aka kashe masu yawa, kuma fuska ba abin da za a yi gwaji da shi ba ne.

Likitar Ido:
Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Kujera mai jingina da ke kwantawa baya tana da kyau a dare biyu ko uku na farko ga wanda yake iya barci a kanta, amma a ce mace ta kwana zaune tsaf har mako biyu, za ta rasa barci, ƙafafunta su kumbura, kanta kuma ya riƙa faɗuwa gaba ko gefe, wanda ya fi abin da ake gudu muni. Jiki a cikin barci yake gyara rauni, kuma wadda ta kwana ba ta rintsa ba don tsoro ta cutu fiye da wadda ta juya sau ɗaya.

Yaya, ki gaya mata da bakina cewa ninkin ba matashi ne ya yi shi ba, ɗinki ne ya yi shi. A fatar da ke da ninki tun haihuwa, akwai ƴan zaruruwa da suka taso daga naman da ke ɗaga fatar ido suka kama fata, shi ya sa idan an buɗe ido fatar take shiga ciki. Kusan rabin mutanen gabashin Asiya ba su da wannan haɗi a wurin, aikin likita kuma shi ne ya ƙulla shi. Hanyar ƙullawa biyu ce babba. Akwai ta zare kaɗai, wadda wani likitan Japan mai suna Mikamo ya fara bayyana irinta a 1896, akwai kuma ta tsaga fata a ɗinke, wadda ake cire zarenta bayan kwana 5 zuwa 7. Tunda kin ce za a cire mata zare, alama ta nuna ta biyun aka yi mata, ita ce kuma mafi ƙarko. Juyawa gefe na dare ɗaya zai ƙara kumburi a wannan ɓangare, kumburin ya sa ninkin ya yi kamar ya fi ɗan'uwansa tsawo ko kauri, amma idan ruwan ya sauka sai ya koma yadda aka ɗinka shi. Abin da ke iya ɓata aiki da gaske shi ne murza ido da hannu ko goga shi da ƙarfi a matashi, musamman ga waɗanda aka yi wa na zare kaɗai. Idan tana da ɗabi'ar murza ido cikin barci, ta nemi murfin roba mai huji-huji da ake manna wa ido da dare, asibitin da ya yi mata aikin zai ba ta. Kada kuma ta yanke wa aikin hukunci a madubi yanzu, domin ainihin kamanninsa sai bayan wata uku zuwa shida yake zama.

Wani abu da nake so mijinta ya duba mini yau da dare: idan ta yi barci ya haska fuskarta a hankali ya ga ko idanun suna rufuwa ruf. A kwanakin farko kumburi da tsaurin ɗinki sukan bar ƴar kafa, iska ta riƙa busar da ƙwayar ido, mutum ya tashi yana jin kamar yashi a ciki. Idan haka ne, ta sa man idon da aka rubuta mata kafin ta kwanta, ta kuma sanar da likitanta.

Hajiya ta Tibiri:
To tunda Malam ya yi bayani na gamsu. Amma ku tuna bazara muke ciki, zafin Maraɗi ya wuce digiri 40 da rana, ɗaki kuma ba ya kwantuwa idan wuta ta ɗauke. Mu duka a tsakar gida muke kwana a kan tabarma. Baƙuwar da ba ta saba ba, ga ɗinki a ido, ina za a sa ta?

Majo mai ritaya:
Hajiya ta taɓo wurin da ya fi damuna. Tabarma a ƙasa ba ta dace da ita ba, domin babu abin jingina, ga ƙura tana tashi daidai fuska, ga ƙudaje da sassafe, mu kuwa da muka yi aikin amodari mun san abin da ƙuda ke yi wa ido. Idan dole sai waje, a fitar da gadon da kansa zuwa rumfa, a jingina kansa da bango, a shirya shi kamar yadda na faɗa, a ɗaura gidan sauro a cusa bakinsa da kyau, domin cizon sauro ɗaya a fatar ido ya isa ya sa ta sosa cikin barci. Idan a ɗaki ne, kada fanka ta riƙa bugun fuskarta kai tsaye. Rigar matashi a canza ta kullum. Kuma tunda gidan biki ne, a nisanta ta da hayaƙin murhu da turaren wuta, kada kuma ƴan'uwa su ce za su yi mata kwalli don kara, sai likitanta ya ba da izini, wanda ba ya yiwuwa kafin mako biyu.

Alhaji mai zuwa Sin:
Na karɓi gyaran Likita a kan kujera. Abin da zan ƙara daga sanin hanya shi ne tafiyar kanta kwana ce. Daga Gwanzu zuwa Adis Ababa dare guda ne a jirgi, sa'an nan a sake hawa zuwa Yamai, daga Yamai zuwa nan kuma fiye da kilomita 600 ne a mota. Babu wanda zai yi wannan tafiya bai yi gyangyaɗi ba, kuma mai gyangyaɗi a mota kansa gilashin taga yake nema ko bayan kujerar gaba. Su sayi matashin wuya mai siffar kofaton doki, ana samunsa a kowane filin jirgi, ta zauna a kujerar da ba ta taga ba, ta sa baƙin tabarau mai faɗi. Idan da hali su kwana ɗaya a Yamai kafin su kamo hanya.

Likitar Ido:
Shawarar Alhaji ta yi daidai, sai dai su faɗa wa likitanta ranar tafiyar tun yanzu domin ya amince. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, ta riƙe ruwan ɗiga wa ido a jakar hannu. Tambaya ɗaya ta rage mini, Yaya. Tana minshari mai ƙarfi ko numfashinta na sarƙewa cikin barci? Masu irin wannan rigingine takan tsananta musu, su sai a ƙara ɗaga musu kafaɗa sosai. Sa'an nan kada ta sha aspirin ko ibuprofen don ciwon kai sai da izinin likita, domin suna sa jini ya ƙi tsayawa. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora minti 10 zuwa 15, yana taimakawa a kwana biyu ko uku na farko, amma kada a ɗora ƙanƙara tsirara a kan fatar. Lokacin da za ta iso nan wannan mataki ya wuce, ke dai ki rage mata gishiri da magi a abincin dare.

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari bayan kwana uku. Ba ta minshari, Likita, kuma mijinta ya duba ya ga idon dama yana barin ƴar kafa kaɗan, suka faɗa wa likitanta ya ce ta riƙa sa man idon kowane dare. Sun ɗaga katifar da barguna kamar yadda Baba Majo ya ce, suka tokare ta da tawul biyu. Daren farko ta farka sau ɗaya ta gan ta a dama, ta gyara ta koma barci. Yau ya turo mini hoto, idon dama ya sauka har ya kusa daidai da na hagu, shuɗin kuma ya koma rawaya-rawaya. Jibi za a cire zaren. Ni kuma na sa an fito da gadon ƙarfen Innarmu zuwa rumfa, an ɗora shi a kan tubali biyu, na kwana a kai jiya don in gwada, kuma sai da na ƙara matashin ƙarƙashin gwiwa kafin na daina zamewa. Baba Majo, gidan sauron da nake da shi yana taɓa fuska idan an ɗaga kan gadon. In ƙara masa tsawon igiya ne, ko in nemi wani?

Majo mai ritaya:
Ki mayar da ƙusoshin wajen kai sama da taƙi biyu, ki ja shi ya miƙe. Idan har yanzu yana taɓa fuska, ki nemi mai kusurwa huɗu na gado babba, shi ya fi mai zagaye ba da sarari a wajen kai.